Shekarar da Aka Kafa Mana Danja

Ranar da aka sauke turakun, ba wanda ya san na mene ne. Wata mota mai buɗaɗɗen baya ce ta kawo su da hantsi, dogayen ƙarafa huɗu masu lanƙwasasshen wuya kamar na zalɓe, aka jera su a bakin kwalbati, daidai mahaɗar da mu mutanen Unguwar Sanusi muke hawa babban titi. Mai shayi ya ce fitilun dare ne. Mai faci ya rantse kyamara za a ɗora, gwamnati na son ta riƙa ganin mai shiga da mai fita. Kawu na kan bencinsa yana ɓare goro. Ya ɗaga kai ya dube su sau ɗaya, ya ce, “Danja ce. An yi mana sabon mai unguwa.”

A lokacin garin Kaduna a tone yake. Tun tsakiyar 2019 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa’i ta ƙaddamar da shirinta na sabunta birni. Ana gina sabuwar gadar Kawo, ana haƙa hanyar ƙasa a shataletalen Leventis, an rushe Kasuwar Barci a 2020 za a sake ta, duk inda ka juya jar ƙasa ce da katafila da masu hular kwano. Ni kuwa na baro Abuja na dawo gida jinyar Inna, na shafe watanni ba ni da aikin da ya wuce kai ta asibiti da zaman majalisa bayan la’asar. Saboda haka a gabana aka yi komai, har ma da bakina a ciki, abin da har yau nake ɗan jin kunyarsa.

Wanda bai san Kofur ba, ba zai gane abin da ya ɓata wa Kawu rai ba.

Muna yara, a shekarun 1980, mahaɗar nan mai ita ɗaya ne. Ɗan yalo fiba ne, irin masu rigar nan ruwan lemo da baƙin wando. Ba na jin ya taɓa samun igiya ko ɗaya a kafaɗa, amma Kofur muke ce masa, yana kuma amsawa. Yana tsayawa ne a kan wani rabin duro da aka cika da siminti, aka shafa masa fenti fari da baƙi. Ba da hannu yake yi, amma idan ka hango shi daga nesa sai ka ce kiɗa ake yi masa wanda shi kaɗai yake ji. Ya juya a kan dunduniya, ya miƙa tafi ya tsayar da tifa, ya rusuna kaɗan ya kira masu keke da yatsa biyu. Mukan makara zuwa makaranta saboda kallonsa, a zane mu, gobe mu sake.

Ya san kowa. Ya san motar da birkinta ba ya kamawa, sai ya ɗaga mata hannu tun tana nesa. Ya san tsohon da ba ya ji sosai, ba ya ɓata usur a kansa, sauka yake ya kama masa hannu. Ba musulmi ba ne, Hausarsa ma da ɗan gargada, amma ranar Juma’a ya fi ladan sanin lokacin da za a idar, kafin jama’a su ɓarke ya riga ya share musu hanya. Idan aka ɗauko makara kuwa, hannuwa biyu yake ɗagawa, gabas da yamma kowa ya tsaya, shi ma ya ƙame har sai na ƙarshen masu rakiya ya wuce. Da Babbar Sallah Inna takan ɗaure soyayyen nama a leda ta ce in kai masa. Ba mu kaɗai ba. Ranar yakan koma gida da buhu.

Kada in yi masa ƙaryar waliyyi. Yana da nasa. Alhajin da ke sako masa sule biyar ta taga ba ya jira, kowa ya san haka. Idan aka yi ruwa yakan fake a shagon mai faci, titi ya ji da kansa. Da magariba kuwa ya tashi aiki, daga nan sai ƙarfin hali da ƙarfin oda. Sai dai a wancan zamani titin bai buƙaci fiye da haka ba. Da sassafe kekuna ne ke kwarara, ma’aikatan masaƙun Kakuri da na kamfanin Fijo, ɗalibai masu nufar Kwalejin Kimiyya da Fasaha, maƙeran Panteka da ƙarafa a kafaɗa, sai Basfa jefi-jefi da tasi 504. Mota goma a jere ita ce cunkoso.

Abin da ya faru da titinmu tsakanin wancan lokaci da ranar da aka sauke turakun, shi ne abin da ya faru da Kaduna. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 suka raba gari biyu, kowa ya kwashe iyalinsa ya nemi inda zai kwana da ido biyu a rufe. Maƙwabtan da muka tashi tare suka tafi, wasu suka zo. Gidan da na sani da iyali ɗaya ya koma ɗaki-ɗaki na haya, Rigasa ta bunƙasa ta zama gari guda a bayan Titin Nnamdi Azikiwe. Kofur ma a tsakanin nan ya ɓace, ba wanda ya yi masa sallama, ba wanda ya san ko ritaya ce ko ƙaura. Masaƙu suka yi ta rufewa, KTL a 2002, UNTL a 2007, magidantan da suka saba da albashi suka sayi babur suka shiga acaɓa. A 2014 gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero ta hana acaɓa a cikin gari, Keke Napep ya cika gurbin, shi kuwa faɗinsa ya ninka na babur. A 2016 jirgin ƙasan Abuja ya fara aiki, tasharsa a Rigasa, sai ga manyan motocin da ba su taɓa sanin hanyar yankinmu ba suna ratsa mu safe da yamma, kowa na gudun kada jirgi ya bar shi. Titi dai yana nan yadda yake, an ɗan ƙara masa faɗi, amma abin da ake ɗura masa ya fi cikinsa.

Ranar da aka kunna danjar, kamar ranar hawan sallah. Yara suka jeru a bakin kwata suna bin lambobin da ke sauka, suna ƙirgawa da ƙarfi, biyar, huɗu, uku, idan ta koma kore su yi ihu. Da safe abin ya yi kyau. Da yamma, lokacin tashi daga aiki ya haɗu da tashin Islamiyya, layin motoci ya miƙe ya wuce shagon mai faci, ya wuce kemis, ya kai har ƙofar masallaci, inda ba a taɓa ganin mota ta tsaya ba sai da niyya. Kawu ya zo majalisa a ƙafa, ya bar motarsa can baya. Bai ce uffan ba. Ya zauna, ya nuna layin da haɓa, ya karɓi shayinsa.

Daga ranar majalisa ta rabu.

Kawu ne jagoran masu adawa, kuma ya cancanta. Ya fara da karen mota tun zamanin Gowon. Yana kan titi ranar 2 ga Afrilu 1972, da Najeriya ta bar bin hannun hagu ta koma dama, labarin da ya ba mu ya fi sau ɗari, kullum da ƙarin wata mota da ya ceta. Ya ja tasi, ya ja bas, ya ƙare da wata tsohuwar Golf da yake lallaɓawa kamar amarya. Hujjarsa ɗaya ce, kullum sai ya sake mata riga: abin da ba shi da ido ba ya ba da hannu. Da yamma ɓangaren masu dawowa daga gari a cike yake maƙil, ɓangarenmu mota uku, amma ita danja rabon gado take yi, kowa da kasonsa daidai. Ka ga kore tana ci a kan titin da ba kowa, mutum ɗari na kallonta. “Kofur zai yi haka?” in ji shi. “Ko mahaukaci aka ɗora a kan duron nan zai duba inda mutane suka fi yawa.” Har sunanta bai bari ba. Wani ya taɓa gaya masa kalmar daga Turanci aka aro ta, asalinta hatsari, shi ke nan ya samu makami. “Abin da iyayensa suka raɗa masa hatsari, me kake jira daga gare shi?”

A ɗaya ɓangaren akwai Hedimasta, tsohon shugaban firamare mai ritaya, wanda ya koyar da rabin majalisar kuma bai daina kallonsu a matsayin ’yan aji uku ba. Shi a wajensa danja tarbiyya ce. Ya ce matsalarmu ba ma son layi, a banki, a famfo, a wajen rabon abincin biki, ko’ina sai mun nemi wanda muka sani. Ga abu ya zo wanda ba ya karɓar gaisuwa, ba ya karɓar na goro, bai san ɗan wane ba, shi ya sa muka tsane shi. “Sauri ya haifi nawa,” in ji shi, yana buga sandarsa a ƙasa. Mai faci ya ce, “Ranka ya daɗe, ai masu jiniya ba sa tsayawa.” Hedimasta ya ce wannan laifin masu jiniya ne. Kawu ya ce to ashe ta san ɗan wane.

Ni ina bayan Hedimasta, da zafina na wanda ya zauna Abuja. Wata rana na zo da abin da nake ganin zai kashe musu baki. Na ce wannan abu fa ba yau aka fara shi ba, tun Disamban 1868 aka kafa ta farko a Landan, gaban majalisar dokokin Birtaniya, wani injiniyan jirgin ƙasa mai suna Knight ne ya kwaikwayo ta daga alamun layin dogo, irin waɗanda mu mutanen Kaduna, garin reluwe, muka tashi muna gani. Da rana hannuwan ƙarfe take ɗagawa, da dare fitilar gas, ja da kore, ɗan sanda na tsaye yana juya ta. Ta lantarki kuwa an kafa ta a Cleveland ta Amurka a 1914. Da na tsaya nan da na tsira. Sai son nuna sani ya ja ni na ƙara da cewa ta Landan ɗin ba ta daɗe ba, a Janairun 1869 gas ya tsiyaya ta fashe, ta ƙone ɗan sandan, aka cire ta.

Kawu ya ajiye kofi. “Ta me?”

“Ta fashe, Kawu.”

“A garin masu ita?”

Majalisa ta kwashe da dariya har mai shayi ya zubar da madara. Da aka lafa Kawu ya ce, “Kuma na ji ka ce ɗan sanda ke juya ta. To ɗana, ko su da suka ƙirƙiro ta mutum suka sa a gindinta.” Wata guda ana kirana Ta Fashe.

Haushin wannan ne ya sa na ɗauki waya na je na zauna a shagon mai faci kwana uku ina auna ta. Abin da na gani bai yi wa kowane ɓangare daɗi ba. Kawu ya yi gaskiya a lissafi. Hanya huɗu ce, ana sakin su ɗaya bayan ɗaya, idan kowace ta samu sakan talatin to kai sai ka jira casa’in, kuma a kowane canji wasu sakanni na zubewa kafin na gaba ya sa giya. Lokacin a ɗaure yake, na safe shi ne na yamma, shi ne na tsakar dare. Amma rabin koren ba danja ce ke cinye shi ba, mu ne. Da an saki hanya, keken farko zai tsallaka mahaɗa ya taka birki nan take ya ɗauki fasinja, na biyu ya tsaya a gefensa yana ciniki, duk na baya su cushe a tsakiya. Layi biyu aka zana, mu mukan yi biyar, a bakin fita kuma a koma rigimar wa zai shiga gaban wa. Mai lemo da mai rake da mai gyaran waya sun ci rabin kafaɗar titi. Mahaɗarmu kasuwa ce da tasha tun fil azal. Kofur ya san haka, yana korar mai tsayawa da usur da harara. Ita danja an kawo ta ne don titi, ta tarar da kasuwa.

Na kai wa majalisa wannan rahoto, kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa ya bar mini sauran.

Cunkoson bai tsaya a titi ba, ya biyo mu gida. Direbobi suka gano lungunanmu. Layin da muke buga ƙwallon tsumma muna yara ya zama hanyar tsere wa danja, motoci na kutsawa tsakanin kwata da dakali, suna karya murafun siminti, suna watsa wa masu alwala ƙura. An take kajin Inna biyu. Samarin wani layi suka tara kuɗi suka yi tudun rage gudu har uku, masu tsayin da sai da cikin Golf ɗin Kawu ya daki na farko, aka buɗe sabon babin faɗa. Hajiya mai ƙosai, wadda ta shekara ashirin tana suya a bakin mahaɗa, cinikinta ya faɗi, don masu mota sun daina tsayawa saye, ’yan Kastiliya, jami’an kula da titi, na nan tsaye, kowa na tsoron tara. Masu fiya wata da masu goge gilashi da almajirai kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Wani yaro mai sayar da cingam ya gaya mini ya fi son ja, ya ce kore asara ce.

Duk wannan musu na maza ne, a kan benci. Ban san akwai wata majalisar ba sai ranar da na shiga ɗakin Inna na tarar da Yaya da maƙwabta mata uku, na fara ba su labarin ƙirgen sakan da na yi. Yaya ta bari na gama. Ta ce, “Ku da kuke cikin mota sakan kuke ƙirgawa. Mu ’ya’ya muke ƙirgawa, da safe guda nawa suka fita, da yamma guda nawa suka dawo.” ’Ya’yanta huɗu na tsallaka titin nan sau huɗu a rana, boko da Islamiyya. Kafin danja sai ta bar girki ta raka su, ta tsaya a bakin titi tana roƙon direbobi da hannu. Duk wanda ya zauna kusa da Titin Nnamdi Azikiwe ya san abin da tirela ke yi idan ta ƙwace, ba sai an ba shi labari ba. Yanzu ko ƙaramin cikinsu ya san idan ta yi ja a ɓangarensu, motoci za su tsaya, ya kama hannun ƙanwarsa su wuce. “Ku gaya wa Kawu,” in ji ta, “in ya cire ta, shi zai riƙa raka su.” Ba wanda ya gaya masa. Ni dai ban iya ba.

Abin da ya kai maganar gaban Liman jana’iza ce. Wani tsohon tela ya rasu, mutumin da ya ɗinka wa rabin unguwa kayan sallarsu na farko. Aka sallace shi, aka sa makara a mota, jama’a suka biyo baya a motoci da kekuna. Motar gawa da biyu na bayanta suka wuce, danja ta yi ja. Direban ta huɗu ya taka birki, babban ɗan mamacin na cikinta. Na baya suka hau oda, wasu suka leƙo suna cewa a wuce mana, gawa ce. Direban ya duba jami’an da ke gefe, ya duba fitila, ya ƙi motsi. Kafin a sake su, motocin wasu hanyoyi uku sun shiga tsakani. Da suka isa maƙabarta an riga an fara jera itace.

Ranar ko Hedimasta bai buga sanda ba. Kawu ya yi magana a hankali, abin da ba ɗabi’arsa ba. Ya ce shi ba cunkoso ne ya dame shi ba, ya ga cunkoson da ya fi wannan a Legas. Abin da ya dame shi, an wayi gari a unguwar da aka haife shi gawa na wucewa ba a tsaya mata ba, kuma ba wanda za ka kama ka ce ya yi rashin kunya. Liman ya saurari kowa. Ya ce gaggauta jana’iza abin so ne, amma hanya ma tana da haƙƙinta, kuma ba a gyara wa mamaci da jefa rayayye cikin hatsari. Ya ba da shawara duk ranar da za a fita da gawa a tura samari biyu gaba su yi wa jami’an titi magana, su sukan tsayar da hanya idan an sanar da su. Aka ce Allah ya saka wa Malam. A hanyar gida Kawu ya ce mini, “Ka ji fa. Sai an nemi izini.”

An yi taro a ƙofar gidan mai unguwa, aka tashi ba a daidaita ba. Bayan kwana biyu ɓangaren Kawu suka same ni in rubuta musu takardar koke da Turanci, a cire danja a kawo mai ba da hannu. Ban iya ce wa ƙanin mahaifiyata a’a ba. Kashegari Hedimasta ya aiko a kira ni, in rubuta ta godiya, tare da roƙon a ƙara wata a mahaɗa ta gaba. Shi ma ban iya ce masa a’a ba, mutumin da ya koya mini rubutun. A shago ɗaya aka buga su, yaro ɗaya ya kai su ofis ɗaya a rana ɗaya. Har yau ba a amsa ko guda ba.

Sai damina ta kama, aka yi kwana uku rana ba ta fito sosai ba. Danjar da hasken rana take aiki, batirinta ya yi sanyi, ta fara ƙifta ruwan ɗorawa, can ta ɗauke gaba ɗaya. Ranar kuwa muna da ganin likita. Kawu na tuƙi, ina gefensa, Inna na kwance a baya kanta a cinyar Yaya. Muka tarar da mahaɗa ta ƙulle kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, kan kowace mota a cikin haƙarƙarin wata, ba jami’i ko ɗaya saboda yayyafi. Muka yi minti ashirin ba mu matsa taku ɗaya ba. Na ga Kawu na duban Inna ta madubi. Sai ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofa, ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa, ya ratsa har tsakiyar titi, daidai inda duron Kofur yake a da.

Ya iya. Wallahi ya iya. Ya karanci ƙullin nan da kallo ɗaya, ya gane wace mota ce idan ta ja baya taku uku komai zai warware. Ya ɗaga tafi, ya juya, har da ɗan rusunawar nan. Wani mai tasi mai furfura ya gane shi, ya ce, “Sannu Alhaji,” ya ja baya. Amma gurbin da ya buɗe, kafin motar da Kawu ya kira ta shiga, keke uku sun cusa kai. Ya buga wa na gaba rufi da tafin hannu. Yaron bai fi shekara goma sha tara ba, da abin jin waƙa a kunne. Ya leƙo ya ce, “Baba, matsa mana, kai kuma wane ne?”

Ba da rashin kunya ya faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Tambaya ce ta gaskiya. Bai san shi ba. Na duba fuskokin da ke kewaye da mu, masu keke, masu mota, fasinjoji, ban ga goma da na sani ba, a mahaɗar da a da nake iya kiran sunan kakan duk wanda ya wuce. Kawu ya tsaya cikin yayyafi hannunsa a sama, ba mai kallonsa. Daga baya wasu samarin unguwa suka fito da sanduna, suka yi ta dukan bodi suna ihu, da haka aka warware. Ya dawo mota rigarsa sharkaf. Har muka je asibiti muka dawo bai yi magana ba.

Bayan kwana biyu aka gyara danjar. A majalisa an jira Kawu ya ce wani abu game da mutuwarta, don dama ce ta faɗo masa, Hedimasta ma ya shirya amsa. Bai ɗauko zancen ba. Ya ci gaba da kiranta mai unguwa, idan ya makara ya ce mai unguwa ne ya tsare shi, amma zafin ya fita daga muryarsa. Ni ma tun ranar ban sake kawo labarin Landan ba.

Cunkoson da muka kasa magancewa da takarda biyu, kuɗin mai ne ya rage shi. Da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, mutane da yawa suka jingine motocinsu suka lulluɓe da tamfol. Da na zo gida daga Abuja a watannin da suka biyo baya na tarar layin bai ko kai kemis ba. Inna ta riga ta rasu. Hedimasta ya daina fitowa saboda ƙafa. Mai shayi ya koma wani layi, an gina shaguna a inda bencinmu yake. Yaran da suke ƙirga lambobi da ihu sun girma, ba mai ɗaga kai ya dube ta sai direba.

Zuwana na ƙarshe da hunturu ne. Zan bi jirgin safe, na ce zan nemi keke, Kawu ya ce ba a yi haka ba yana raye. Muka fito bayan sallar asuba, gari da duhu, hazo ya rufe fitilun titi, Golf na tari. Muka iso mahaɗa ba mota, ba keke, ba jami’i, ko kare babu. Danja na ganinmu ta yi ja, lamba ta fara sauka daga sama da hamsin.

Kawu ya taka birki, ya tsaya cak a bayan farin layi.

Na dube shi. Na duba hagu, na duba dama. Na ce, “Kawu, ba kowa fa.”

“Na gani,” in ji shi. “Madubi nake gyarawa.”

Ya sauke gilashi, iska mai sanyi ta shigo. Ya miƙa hannu waje ya kama madubin gefe, wanda tun bara aka ɗaure shi da roba, ya ɗaga shi sama kaɗan, ya dawo da shi ƙasa, ya goge shi da bakin hannun riga. Yana cikin gyaran har ta yi kore, sannan ya sa giya muka nufi Rigasa.